Wa Zai Raka Yaranmu?

'Yan uwa mazauna Tanghin da sauran unguwannin Wagadugu.

Duk inda Bahaushe ya sauka a ƙasashen yamma, daga nan har Kumasi, sunan mazauninsa ɗaya ne, wato zango. Kalmar ta fatake ce. A zamanin fataucin Gonja, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ratsa ƙasar Gurma da ƙasar Mosi, ya nufi Salaga neman goro, zango shi ne inda ake sauke wa jakuna kaya, a sha ruwa, a duba ƙafar wanda ya yi tuntuɓe, a ƙirga mutane a ga ko an cika. Madugu ke da alhakin kowa a hanya. Idan an iso gari kuma akwai maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya kai shi wurin mai saye, ya tsaya masa idan magana ta taso. Baƙo ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Hannu ke miƙa shi ga hannu har ya gama abin da ya kawo shi.

Wannan rakiya ita ce gadonmu, kuma ita muke so mu tuna yau saboda wani matafiyi da ke cikin gidajenmu, wato saurayi ko budurwar da kayan zuciya suka yi wa nauyi har aka fara tunanin barin duniya da gangan. Magana ce mai nauyi a baki. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Harshenmu kansa yana kewaye abin. Idan aka ce kisan kai, Bahaushe na nufin wani ya kashe wani. Ƙunar baƙin wake da muka gada daga mutanen da, yanzu ta zama sunan wani bala'i dabam. Wanda ya ɗauki ransa da hannunsa sai dai a yi masa jimla, a ce ya kashe kansa, kuma ko jimlar ba kasafai ake ƙarasa ta ba. A wurin gaisuwar mutuwa sai a ce gajeriyar rashin lafiya ce, kowa ya sunkuyar da kai, a shafa fatiha a tashi. Akwai mutunci a cikin wannan. Rufa wa mamaci asiri da kare iyayensa daga bakin duniya aikin lada ne, kuma ba mu ce a daina ba. Sai dai shirun da ke zama sutura ga mamaci yakan zama kurkuku ga mai rai. Yaron da ya tashi yana jin ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma namiji ba ya kuka, kuma haƙuri maganin zaman duniya ne, idan ransa ya ɓaci har ya kai iyaka, da wace kalma zai faɗa, kuma wa zai faɗa wa?

Wani zai ce wannan cuta ce ta Turai, ta mutanen da ba su da dangi. Ƙididdiga ba ta goyi bayansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ke mutuwa ta wannan hanya a kowace shekara, kuma kashi 73 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki suke. A 2021 ita ce ta uku cikin abubuwan da suka fi kashe masu shekara 15 zuwa 29 a duniya. A ƙiyasin 2019 yankin Afirka ne ke kan gaba, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Hukumar ta kuma yi nuni da cewa bayan kowane mutum guda da ya mutu, akwai wasu fiye da 20 da suka yi yunƙuri suka rayu. Ga shi kuma muna ƙasar yara, domin ƙidayar 2019 ta sami mutum miliyan 20.5 a Burkina Faso, kashi 45 cikin 100 ba su kai shekara 15 ba.

Ba sai mun je nesa ba. Tun 2008 cibiyar nazarin yawan jama'a ta ISSP, a jami'ar da yanzu ke ɗauke da sunan Joseph Ki-Zerbo, take bin rayuwar mutanen unguwanni biyar na arewacin birnin nan: Kilwin da Nonghin da Polesgo da Nioko 2 da Tanghin tamu. A 2010 masu binciken sun zauna da mutum fiye da 2,000 masu shekara 15 zuwa sama, suka tarar kimanin 4 cikin 100 na fama da ciwon damuwa mai tsanani a daidai lokacin. Suka kuma ga ciwon yana tafiya tare da doguwar rashin lafiya, da ƙarancin abinci a gida, da duka, da shan giya. A sahun sallar Juma'a mai mutum ɗari, ke nan ana iya samun huɗu da ke tsaye da ƙafafunsu alhali zuciyarsu a kwance take. Ba duk mai wannan ciwo ne ke tunanin mutuwa ba, amma ciwon yana daga cikin manyan ƙofofin da tunanin ke shigowa ta ciki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun san inda namu yake. Dattawanmu sun tashi a Zangouettin, inda zaure ke kallon zaure, inda yaro ba zai wuni da ɓacin rai ba tare da goggo ko kawu ya gani ba. A 2003 aikin ZACA ya tashi unguwar, dangi suka warwatsu, wasu Waga 2000, wasu Nioko, wasu suka nemi wuri a wasu unguwanni. Zumunta ba ta mutu ba, amma ta koma ta ranar biki da ranar rasuwa, ta kuɗin man babur. Yaran da aka haifa bayan haka sun girma da harshe uku a baki, Hausa a gida, More a titi, Faransanci a lakwal, kuma sau da yawa babu ɗaya daga ciki da suka saba faɗin damuwarsu da shi. Ga wanda ya faɗi BEPC sau biyu yana jin kunyar haɗa ido da uban da ya biya kuɗin makaranta. Ga mai BAC da digiri da ke zana jarrabawar shiga aikin gwamnati shekara bayan shekara. Ga wanda ya tafi haƙar zinariya ya dawo hannu sake, da sabon tiramol. Ga wanda cacar ƙwallo ta waya ta cinye masa jarin maigidansa. Ga amaryar da aka kawo daga nesa, ba ta jin More, ba ta da uwa kusa, ta haihu kuma baƙin ciki ya sauko mata ana ce mata shagwaɓa ce. Ga kuma baƙin da rashin tsaro ya koro tun 2015, waɗanda yawansu ya wuce miliyan 2 a Maris na 2023, da yaran da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shi kaɗai ke sa mutum ya halaka kansa. Taruwa suke yi, sai bango ya tsage.

Nan ne addini ke shigowa, domin babu gidanmu da za a yi wannan magana ba a ambace shi ba. Musulunci ya haramta wa mutum kashe kansa, babu saɓani, kuma wannan hani ya riƙe mutane da yawa a daren da babu abin da ya rage musu sai shi. Amma hani bai taɓa zama dalilin juya wa mai ciwo baya ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, wanda ya mutu haka ana yi masa wanka da sallah, a bar hukuncinsa ga Allah. Idan mamaci bai fita daga hakkin jama'a ba, ina ga mai rai? Malaman farko ma ba su ɗauki baƙin ciki a matsayin raunin imani kawai ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Shekara fiye da dubu ke nan. Wanda ke fama da hawan jini muna yi masa addu'a kuma mu kai shi a auna shi, ba mu taɓa ganin saɓani a tsakanin biyun ba.

An ma gwada haɗa malami da likita an ga amfaninsa. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun shirya wani gwaji a Ibadan da Kumasi, inda masu maganin gargajiya da masu addu'a suka ci gaba da riƙe marasa lafiyarsu masu taɓin hankali, ma'aikatan asibitin unguwa kuma suna zuwa wurinsu da magani da shawara. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda suka sami hannu biyun sun fi samun sauƙi. Kumasi ba baƙon gari ba ne gare mu. Abin da ya yiwu a can, inda dangin da yawa daga cikinmu suke, zai yiwu a nan.

Dalilin da ya sa haɗa hannun ya zama dole mai sauƙi ne. A 2022 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ga kowane mutum 500,000 a yankin. Likita yana da ilimin, amma ba ya zama a majalisar shayi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Wanda ke fara gani shi ne mai shayi, da maigidan gareji, da mai kitso, da malamar Islamiyya, da abokin da suke kwana ɗaki ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Su ne ke lura yaro mai fara'a ya yi tsit, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, ya janye daga ƙwallo da hira. Su ne ke jin yana cewa ya zama kaya ga iyayensa, ko da ma ba a haife shi ba, ko kwanan nan kowa zai huta. Su ne ke ganin yana rabar da kayansa yana neman gafarar mutane alhali ba tafiya zai yi ba. Tausayi ba ya ƙaranci a cikinmu. Abin da ke ƙaranci shi ne hanya, domin wanda ya gani bai san abin da zai ce ba, kuma bai san hannun da zai miƙa yaron ba.

Mun shaida yadda abin ke kasancewa idan an sami hanyar. Wani mai gyaran babura a unguwar nan yana da yaro ɗan shekara goma sha tara da ke koyon aiki a wurinsa. Wata rana ya ga yaron ya tattara 'yan kayan aikin da ya daɗe yana tarawa ya ba ƙaramin cikinsu, ya biya mai kunu bashin da ba ta ma tuna ba, yana bin kowa da a yafe masa. Bayan la'asar maigidan ya ja shi gefe, inda babu mai jin su.

Ya ce, "Ɗana, zauna. Na ga abin da ka yi yau, kuma na ga yadda ka koma tun bayan sallah. Zan tambaye ka, ka faɗa mini gaskiya, ba zan yi maka faɗa ba. Ko ka fara tunanin kashe kanka?"

Yaron ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Baba, na gaji ne."

Maigidan bai yi masa wa'azin wuta ba, bai kuma lissafa masa waɗanda suka fi shi wahala ba. Ya saurare shi har aka kira magariba. Sannan ya ce, "Na ji. Yau a gidana za ka kwana. Amma wannan magana ta fi ƙarfina ni kaɗai. Wa kake so mu faɗa wa a cikin danginka?" Yaron ya zaɓi goggonsa. Da dare ta zo, ta zauna da shi, aka kawar da duk abin da ke da haɗari daga ɗakin da yake kwana. Da safe maigidan ya goya shi a babur zuwa asibitin unguwa, goggo na biye, aka duba shi aka tura su gaba. Limamin masallacinsu ya riƙa leƙo shi ba tare da kowa ya san dalili ba. Yaron yana nan, yana aikinsa. Har yanzu akwai ranakun da ke yi masa nauyi, kuma har yanzu yana komawa ganin likita, amma yana da mutum uku da ya san zai iya buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne.

Mutane da yawa na tsoron irin tambayar da maigidan ya yi, wai kada a saka wa yaro abin da babu shi a ransa. Masana sun bincika wannan sau da yawa, kuma abin da suka samu shi ne tambaya kai tsaye, cikin natsuwa, ba ta dasa tunanin. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin mai ɗauke da shi ya daɗe yana jiran wanda zai iya ji bai firgita ba. An kuma san cewa lokacin tsananin yakan zo ya wuce, kuma mafi yawan waɗanda aka tserar suna ci gaba da rayuwarsu. Wanda ya tsaya da mutum a wannan dare ya yi aikin da babu likitan da zai iya yi daga nesa.

Bayan daren kuma sai tafiya, kuma tafiyar tana da zanguna sanannu. Na farko shi ne CSPS na unguwa. Daga nan akwai CMA, wanda namu na wannan yanki yake Kossodo. Sama da shi akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a babban asibitin Yalgado Ouédraogo. Idan mutum ya riga ya cutar da kansa, ba a jiran safiya kuma ba a tsayawa dabarun gida, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 ko a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Idan yaro ne ƙarami da ake duka ko ake cin zarafinsa, lamba 116 kyauta ce. Sanin sunayen wuraren nan bai isa ba. Mai ciwon damuwa ba shi da ƙarfin bin layi da neman takarda da maimaita labarinsa ga baƙon ido, kuma kunyar a gan shi a ƙofar sashen tana iya mayar da shi gida daga bakin ƙofa. Cewa "ka je asibiti" sallama ce. Rakiya ita ce a tashi a tafi tare, a zauna tare, a yi tafinta idan uwa ko amarya ba ta jin Faransanci da More, a karɓi maganin, a riƙe ranar komawa.

Ranar komawar tana da muhimmanci ƙwarai, domin babu wanda ya fi zama cikin haɗari kamar wanda ya taɓa yin yunƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani gwaji a Birazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, a kan mutum 1,867 da aka kawo asibiti bayan sun yi yunƙuri. Rabi aka yi musu magani aka sallame su kamar yadda aka saba. Sauran aka ƙara musu zaman bayani na sa'a guda, sannan aka riƙa kiransu ko ziyartarsu lokaci zuwa lokaci har wata 18. A sakamakon da aka buga a 2008, kashi 2.2 cikin 100 na rukunin farko sun mutu ta wannan hanya, a rukuni na biyu kuwa kashi 0.2 ne. Abin da aka ƙara musu bai wuce gaisuwa da tambayar lafiya ba. Mu da muke cewa zumunta a ƙafa take, wa zai koya mana wannan?

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun ɗora aikin a kan mutanen unguwa. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara a 2006 a unguwar Mbare ta birnin Harare, inda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu fama da abin da Shonawa ke kira kufungisisa, wato yawan tunani, kalmar da mu ma muke da irinta. Kaka tana saurare, ta taimaki mutum ya zaɓi matsala guda ya fara da ita, idan ta ga haɗari ta miƙa shi ga ma'aikacin jinya. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya rukunin rabi ne. Da tsohuwar zuma ake magani. A Abijan kuma, tun 2022 gidauniyar Bluemind ke horar da masu gyaran gashi su gane alamun damuwa a wurin matan da ke zama a gabansu, su san inda za su tura su, kuma aikin ya kai Lome. Muna da kakanni, muna da masu kitso da masu lalle. Horo ne da haɗi da asibiti suka rage.

Akwai abu biyu da kowane gida zai iya yi tun yau. Na farko ya shafi ajiya. Masu lambu a bakin madatsar ruwan Tanghin da masu sayar da kayan noma da duk gidan da ke ajiye maganin ƙwari ko tarin magungunan asibiti, a sa su a akwati mai kwaɗo, mabuɗin a hannun babba. Kada a raina wannan. Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi guba, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, aka ƙiyasta rai 93,000 ne suka tsira. Tunda tsananin yakan wuce, duk abin da ya jinkirta hannu yana ba rai dama. Na biyu ya shafi waya. Idan abu ya faru, kada a yaɗa hoto ko wasiƙa ko bayanin yadda aka yi a WhatsApp da Facebook. Cin mutuncin iyaye ne, kuma an tabbatar irin wannan yaɗawa tana jan wasu masu rauni su kwaikwaya.

Sauran aikin na jama'a ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da muke roƙo shi ne zama guda, a zauren da dattawa suka zaɓa, wanda zai haɗa shugabannin Hausawa da limamai da shugabannin mata da na samari, da malaman lakwal da na allo, da babban ma'aikacin jinya na CSPS. A gayyato maƙwabtanmu Mosawa da Fulani da shugabannin coci, domin yaranmu da nasu majalisa ɗaya suke zama, kuma abokin da ɗanmu zai fara faɗa wa damuwarsa yana iya zama ɗan wani gida da wani addini. A zaman a fitar da abubuwa masu yiwuwa. Kowane masallaci da kowace ƙungiyar mata ta ware mutum biyu masu riƙon amana, namiji da mace, a nemi ma'aikatan lafiya su koya musu alamun haɗari da yadda ake tambaya da inda iyakarsu take. A san lambar wanda za a kira a asibiti. A ware wani abu daga adashi ko asusun masallaci don kuɗin mai da magani, yadda ake warewa don likkafani. Limamai su ba maganar huɗuba guda, musamman kusa da 10 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe wa wannan batu tun 2003. Sharaɗi mafi girma kuwa shi ne amana, domin ranar da sirrin yaro guda ya fita daga zauren, babu wanda zai sake shigowa. Iyayen da suka riga suka rasa ɗa ta wannan hanya su ma a riƙa zuwa musu bayan sadakar arba'in, a daina tambayarsu yadda aka yi ba su gani ba, domin tambayar da suke kwana da ita ke nan.

Kai kuma ƙanenmu, ke kuma ƙanwarmu, idan kana karanta wannan a waya cikin dare kuma maganar ta taɓa inda ke maka ciwo, ka sani abin da kake ji yana da suna kuma yana da magani, kuma bai mayar da kai kafiri ko mahaukaci ko rago ba. Kada ka kwana da shi kai kaɗai. Zaɓi mutum guda da ka yarda da shi, goggo ko kawu ko malam ko aboki, ka ce masa, "Ina tunanin mutuwa, ka zauna da ni." Idan na farko bai gane ba, ka je wa na biyu. Ba kaya ba ne kai a wurinmu. Gara ka tashe mu daga barci sau ɗari.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya yaye wa mai ƙunci ƙuncinsa, ya ba iyayen da suka yi rashi haƙuri, ya ba mu idon gani da ƙafar rakiya. Amin.